Jar tuta ba ta tare mota

An haife ni a wani ƙauye da ke gabas da Wudil, gidan manoma, ba nisa da babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Azare da Potiskum har Maiduguri. A wajenmu da zarar an kai gero da dawa rumbu, namiji mai lafiya ba ya zama. Wasu su yi Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja, su tura baro ko su yi acaba har sai hadari ya fara haɗuwa. Ni ma na yi wannan ci-rani shekaru, musamman bayan rasuwar mahaifinmu da ɗawainiyar Inna da ƙannena ta dawo kaina. Da na yi aure aka haifa mini 'ya, nisan ya fara yi mini nauyi. Shi ya sa a ƙarshen 2018, da na ji wani ɗan kwangila ya karɓi aikin facin kwalta a kusa da mu yana neman leburori, na ɗauka Allah ne ya kawo mini ci-rani har ƙofar gida.

Ɗaukar aikin ba ta da wuya. Heluma ya dube ka sama da ƙasa, ya tambayi sunanka, ya rubuta a wani littafi mai bangon kwali da yake sakawa a aljihun baya, shi ke nan ka zama ma'aikaci. Babu takarda, babu sa hannu. Ranar Asabar a lissafa kwanakinka a ba ka kuɗinka a hannu. Aikin kuwa shi ne a yanke wurin da kwalta ta mutu, a kwashe, a share ramin tas, a zuba tsakuwa a daddanne, sannan tifa ta kawo kwalta mai zafi a baje da shebur da manjagara, rola ta bi ta kai. Rigunan nan masu ƙyalli ba su kai yawanmu ba, waɗanda ake da su ma rana da ƙura sun cinye launinsu. Abin da ke tsakaninmu da motoci shi ne durom biyu, rassan darbejiya da muke karyowa mu shimfiɗa, da mutum ɗaya riƙe da jan ƙyalle a jikin sanda. Saboda ni dogo ne kuma muryata na da ƙarfi, heluma ya ce ni zan riƙe tuta. Sauran har tsokanata suke yi, wai na samu aikin sarauta, ba shebur ba diga.

Wanda bai taɓa tsayawa a tsakiyar titi yana fuskantar mota ba, ba zai gane yadda abin yake ba. Daga cikin mota, gudun kilomita 100 a awa kamar zama ne a ɗaki. Daga ƙasa kuwa, tirela idan ta wuce ka da taku biyu, iskarta sai ta ja rigarka ta nemi ta juya ka, tsakuwa ta feso maka a ƙwauri. Na koyi karanta direba tun daga nesa. Akwai wanda zai ɗaga ƙafa tun da ya hango ni, ya wuce a hankali ya ce “sannunku da aiki”, wani ma ya jefo mana ledar ruwa. Akwai wanda sai ya zo dab da durom zai taka birki, ya leƙo ya zage ni don na ɓata masa lokaci. Wanda na fi tsoro shi ne wanda ke bayan babbar mota, ya gaji da bin ta, yana leƙe yana neman ya wuce. Shi ba ya ganina sam, tirelar ta rufe ni.

A cikinmu akwai wani yaro da ya gama sakandare, yana tara kuɗin jarrabawar shiga jami'a. Tare muke cin abinci, Yaya yake ce mini. Shi aka ba tsintsiya da baro, yana share ramuka kafin a zuba kwalta, wato kullum a sunkuye yake, bayansa ga motoci. Ya kan ce mini, “Yaya, kai ne idona fa.”

Ranar da abin ya faru, a watan Janairun 2019 ne, hazo ya sauko sosai. Mun saba tashi bayan la'asar, amma tifar kwalta ta makara, ba ta iso ba sai da rana ta yi sanyi. Kwalta mai zafi ba ta jiran gobe, idan ta huce ta daskare an yi asararta. Heluma ya ce ko ana ha-maza-ha-mata sai an baje ta. Muka rufe hannu ɗaya, motocin gabas da na yamma suna karɓa-karɓa a ɗayan. Ni ina tsaye ta gabas, ina tarar masu zuwa Kano. Ranar ta yi ƙasa ta yi ja a bayana, wato tana cikin idon duk direban da ya nufo ni, ga hazo, ga ƙurar da rola ke tayarwa.

Wata tirela ta taho, na kaɗa mata tuta, ta fara rage gudu. Sai kawai na ga wata ƙaramar motar haya ta fito daga bayanta a guje. Direban ya ga tirela ta lafa, ya ɗauka dama ce ta samu. Yana fitowa ya ci karo da durom. Na ji ƙarar birki, na ga motar ta karkace ta nufo gefen da muke. Na buɗe baki in yi wa yaron ihu. Ban sani ba ko muryar ta fita.

Da na farfaɗo ina kwance a kan jar ƙasar gefen titi, bakina cike da yashi. Ban ji zafi ba da farko. Na ɗaga kai na ga ƙafata ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, wandona ya jiƙe, wani farin abu ya huda shi ya leƙo. Sai da na ƙura masa ido na gane ƙashina ne. Mutane sun taru, ana salati, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. A duk taron nan babu wanda ya san akwai lambar da ake kiran jami'an kiyaye haɗurra, 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Wani mai a-kori-kura da ya sauke tumatir yana komawa shi ya tsaya. Aka kama ni hannu da ƙafa aka ɗora a baya, a nan ne zafin ya zo, har na roƙi a bar ni a wurin. Aka kwantar da yaron kusa da ni. Babu jini a jikinsa in ban da ɗan kaɗan a kunne, har na ji sanyi a raina na ce shi ya tsira. Kafin mu kai asibiti ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A asibitin farko aka tsayar da jini, aka ɗaure ƙafar, aka ce a wuce da ni asibitin ƙashi na Dala. A nan gardama ta tashi a cikin dangi. Kawuna ya ce a kai ni wurin wani mai ɗori da ya yi suna a yankinmu, ya ce asibiti yanke ƙafa suke yi, ga cin kuɗi. Ba don ƙeta ya faɗa ba, ya ga waɗanda mai ɗorin ya ɗora suka miƙe, kuma ya san abin da ke cikin rumbunmu. Matata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban manya ba, ta durƙusa ta ce, “Kawu, ka yi haƙuri, ƙashin nan a waje yake, ƙasa ta shiga. Ko ɗan kunnena zan sayar a kai shi Kano.” Inna ta goyi bayanta. Daga baya likita ya yi mana bayani cewa karayar da ta huda fata daban take da wadda ke rufe: idan aka naɗe ta da kara da tsumma ba a wanke ciki ba, ƙashin ruɓewa yake yi, kuma irin waɗannan ne ake kawo musu a makare har a rasa yadda za a yi sai yankewa.

An yi mini tiyata, aka ƙara mini jini, aka kafa wasu ƙarafa da suka huda ƙwaurin suka fito waje, aka haɗa su da sanda ta ƙarfe. Kullum da safe ma'aikaciyar jinya ta zo ta wanke bakin kowane ƙarfe, ni kuwa in cusa gefen zane a baki. Ciwon ya yi ruwa, aka sake komawa da ni aka kankare. Awakin matata suka tafi, buhunan da muka ajiye na cin shekara suka bi su, daga ƙarshe aka jinginar da gonar da mahaifinmu ya bari ta bakin fadama.

Ina kwance a gadon nan dangin direban suka zo, da dattawan unguwarsu da wani daga tashar da yake lodi. Shi ma ya zo, saurayi ne bai kai ni shekaru ba, ya tsaya a bakin gado ya kasa ɗaga kai. Tun asuba yake kan hanya, sawu na biyu ke nan, motar ba tasa ba ce, kullum akwai abin da zai kai wa mai ita ko an samu ko ba a samu ba. Ya ce wallahi bai ga tuta ba, bai ga durom ba, rana ce a idonsa. Na yarda da shi, don na san inda ranar take. Dattawa suka yi ta nasiha, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah yana son masu yafiya. Suka ajiye abin da suka iya. Na yafe masa, kuma har yau ban janye ba. Sai dai na lura da wani abu a irin wannan zama: ana neman yafiyar mutum tun yana cikin maye na allurar kashe zafi, kafin shi ko iyalinsa su san ko wata nawa za a yi, ko nawa za a kashe. Takardar inshorar motar kuwa da aka duba, irin wadda ake bugawa ce don a nuna a shingen hanya, babu wani kamfani a bayanta.

Ɗan kwangilar ya aiko heluma sau ɗaya da ambulan, da saƙon Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ke ciki bai kai kuɗin maganin mako biyu ba. Washegarin haɗarin ma an ci gaba da aiki, an ba wani tutar.

Wani ma'aikacin gwamnati da ke jinyar ƙaninsa a gadon kusa da nawa shi ya fara gaya mini cewa akwai doka a kan irin wannan. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da shi, don idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya magani da diyya. Ya ce dokar ba ta ware lebura mai aikin yini ba, shi ma ma'aikaci ne. Ana so ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Na saurare shi kamar yana ba ni labarin wata ƙasa. Da na samu ƙarfin bin maganar, aikin ya ƙare, an kwashe rola da tifa, lambar heluma ba ta shiga. Shaidar cewa na taɓa yi musu aiki tana cikin littafin nan mai bangon kwali, a aljihun mutumin da ban san garinsu ba.

Komawa gida ta fi zaman asibiti wuya. A asibiti kowa majinyaci ne, a gida ni kaɗai ne. Damina ta faɗi, ina zaune a zaure da sanduna biyu ina jin maƙwabta suna wucewa da fartanya. Matata ta fara suyar awara a ƙofar gida, ƙanina ya bar makaranta ya riƙe abin da ya rage na gona. Mai gida ya zama wanda ake kai wa buta. Na yi fushi da mutanen da ba su yi mini komai ba. Da dare idan tirela ta taka birki a babbar hanya, sai in farka jikina na rawa, zufa ta jiƙa ni, in kasa komawa barci har kiran assalatu. Na daɗe ban gaya wa kowa wannan ba, don a wajenmu namiji ba ya cewa yana jin tsoron ƙarar mota.

Abin da ya fi cin raina shi ne yaron. Da na fara takawa, na sa aka kai ni gidansu a bayan babur. Na yi ta shirya abin da zan faɗa, da na shiga duk ya gudu. Mahaifiyarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta dubi ƙafar ta ce, “Sannu ɗan nan, kai ma ka sha wuya.” Ta ce ya sha ba ta labarina. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban iya faɗa ba. Su ba a kai musu ko ambulan ɗin ba, sai buhun shinkafa ranar sadakar uku.

Na yi imani da ƙaddara, ita ce ma ta riƙe ni lokacin da babu abin riƙewa. Amma na ga yadda muke amfani da kalmar mu rufe maganar da ya kamata a buɗe. Da aka ce tsautsayi ne, babu wanda ya sake tambayar dalilin da ya sa durom ɗinmu bai fi taku ashirin daga inda mutane ke sunkuye ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gani, ya gane, ya ɗaga ƙafa ya taka, ta tsaya cak, ana maganar mita 70 zuwa 100, ko da birkinta lafiya lau kuma kwalta a bushe. Ke nan ranar, ko wane ne a sitiyarin, daga lokacin da ya ga durom ɗinmu magana ta riga ta ƙare. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, tirela da tanka kuwa 50 da 60. Duk wanda ke bin hanyoyinmu ya san inda wannan doka take tsayawa. Tun da haka ne, mai aiki a titi ba shi da kariya sai nisa: alama tun daga can nesa, wata bayan wata, yadda wanda ke bayan tirela ma zai gani, sannan wani abu mai nauyi, ko tifar aikin ce, a gindaya tsakanin ma'aikata da motoci, a bar fili a gabanta. Riga mai ƙyalli tana da amfani, ina ganin laifin duk wanda ya hana ma'aikacinsa ita, amma taimakonta ga direban da ke kallo ne. Kuma aikin da ya kai almuru a lokacin hazo, gara a yi asarar kwaltar.

Tun da abin ya same ni nake ganin mutanen da da ban lura da su ba. Matan da ke sharar titi a Kano da duku-duku, a sunkuye a gindin siminti na tsakiyar hanya. Yaran da ke cike ramuka da ƙasa suna miƙa hannu a jefo musu canji. Mai faci da ke kwance taya ta ɓangaren da motoci ke wucewa. Yaron mota da ke ƙarƙashin tirelar da ta lalace a kan kwana, an jera ganye taku biyar a bayanta an ce an sa alama. Masu tallar rake da ruwa da ke bin mota da gudu a wurin da aka rage hannu. Dukkansu abincinsu a bakin titi yake, ba za a ce su tashi ba.

Ni ma can na koma, don babu inda ciniki yake sai can. Da aka cire ƙarafan, ƙafar ta ɗan gajarce, ina ɗingishi, noma mai nauyi ya fi ƙarfina. Wani ɗan'uwan matata ya ranta mini jari, na kafa rumfar sayar da baƙin mai, na sayi injin iska na hannu, na ɗauki yaro yana yin faci. Rumfar na ja ta baya sosai, bayan kwalbati, ko da yake an ce mini masu wucewa ba za su gan ni ba. Yarona ba ya taɓa taya sai mota ta sauka daga kwalta gaba ɗaya. Idan direba ya ce sauri yake yi, a yi masa a nan inda ya tsaya, sai in ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, ka gangaro ko ka ƙarasa gaba.” Wasu su gangaro, wasu su ja tsaki su tafi wurin na gaba da ni. Idan aka kira shi mota ta mutu a hanya, sai ya fara kai alamar kusurwa uku can baya, ya sa fasinjoji su fito su hau gefe, kuma ba ya zuwa bayan magariba. Bara mun fanshi rabin gonar da aka jinginar. Ƙanina bai koma makaranta ba.

Kwanakin baya wasu masu facin kwalta suka sauka kusa da rumfata, wani kamfanin daban. Durom biyu, rassan darbejiya, da wani saurayi da jan ƙyalle. Na ɗingisa na je na sami helumansu, na gaishe shi, na ɗage ƙafar wandona na nuna masa, na ce a matsar da alamar baya. Ya ce, “Malam, gaskiyarka, amma abin da aka ba ni ke nan.” Na dawo na tattara tsofaffin tayoyin da ke bayan rumfa, muka shafa musu farar ƙasa, yarona ya gangara da su ya jera a gefen hanya tun daga wajen taku ɗari biyu, ta gabas da ta yamma. Na ce wa mai tutar ya daina tsayawa a tsakiyar hannu, ya tsaya a gefe inda zai iya tsalle ya faɗa rami, kuma kada ya yarda ya juya wa motoci baya ko heluma ne ke kiransa. Sun yi kwanakinsu sun tashi lafiya. Tayoyin dai biyu ba su dawo ba, wani ya ɗauke su da dare.